Babi na Shida: Bakin Gari da Takardar Hukuma

Darasi na 1

Ku buɗe inda muka tsaya jiya. Wanda bai zo da fensir ba ya ara.

A nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, tun da Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kawo jama'a bakin kogin nan bayan yaƙin Burmi na 1903, yawancin rigimarmu a zaure take mutuwa. Shanu su shiga dawar mutum, a kira shehun unguwa, in ta fi ƙarfinsa a je ga umda, wato dagaci, in ta ƙi a kai gaban Sarki. Maƙwabtanmu Larabawa suna ce wa irin wannan zama judiyya, dattawan da ke shiga tsakani kuma ajawid. A ƙiyasta ɓarna, a biya, a shafa Fatiha. Wanda kuma ya saba ƙin fita gayya, ba mai kai shi ƙara, amma ranar tasa gayyar zai ga gonarsa wayam. Ko lokacin da Shugaba Numeiri ya soke mulkin gargajiya a 1971, mutane ba su daina zuwa ƙofar dattawa ba. Wannan duka kun fi ni sani, ba ya buƙatar karatu. Mu wuce.

Darasi na 2

Takardar sammaci ba ta san kunya ba, ba ta san kai surukin wane ba ne. In ɗan sanda ya kawo maka ita, kada ka ninke ta ka cusa ƙarƙashin katifa. Abu uku za ka nema: sunanka, wurin da ake kiranka, da ranar. Suna da wuri ba sa ba ku wahala. Ranar ce matsala, don haka a kanta za mu zauna.

Takardar da Larabci take, lambobinta ma na Larabci ne. Ku dubi allo.

٧ bakwai ce. Bakinta na sama, kamar ƙwaryar da aka tara wa ruwan sama.
٨ takwas ce. A kife take, kamar jinkar ɗaki.

Ku faɗa tare da ni: ƙwarya bakwai, jinka takwas. A sake. Ƙwarya bakwai, jinka takwas. Baba na can baya, ban ji muryarka ba. Madalla. Yanzu ku rubuta kowacce sau goma, kuna faɗin sunanta da baki. Kada ku ji nauyi, ni ma da nake yaro na sha juya su.

Sai wasu lambobi biyu. ٥ biyar ce, ko da yake ta yi kama da sifilin boko. Sifilin Larabci ɗigo ne kawai: ٠. Zagaye biyar, ɗigo sifili.

Ga inda kowa yake faɗuwa. Rubutun Larabci daga dama ake fara shi, amma lamba daga hagu ake karanta ta. ١٧ sha bakwai ce, ba saba'in da ɗaya ba. Ɗora yatsa a hagu: ɗaya. Matso dama: ƙwarya, wato bakwai. 17. To ١٨ fa? Ɗaya, sai jinka. 18. Ku sake daga hagu. Daga hagu na ce, Inna, hannun da ba a cin tuwo da shi.

Bara wani dattijo a ajin nan an kira shi kotu ranar 17, ya karanta 18. Ya yi sammako, ya sa farar jallabiyarsa, ya isa ya tarar tun jiya an ba da umarnin kamo shi. Da taron dattawa ne, da ya ce a yi masa afuwa an yi dariya an wuce. Nan kuwa sai da ɗansa ya yini neman mai tsaya masa. Duk a kan ƙwarya da jinka.

Haba jama'a! Mako uku ke nan muna kan wannan, amma jiya da na duba littattafanku, fiye da rabi sun kife bakwai. Wasunku ba sa buɗe littafin a gida, na sani. Lokacin shan shayi a bakin kasuwa bai taɓa ƙare muku ba. To, a sake: ƙwarya bakwai, jinka takwas, zagaye biyar, ɗigo sifili, lamba daga hagu.

Darasi na 3

Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, kuma mai karantawar ya zama naka, ba na wanda ya kawo ta ba. Musamman cek. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya sa ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa laifi ne, mutane da yawa sun kwana a kurkuku saboda shi. Ka duba lambar kuɗin, ka ƙirga ɗigogin.

Darasi na 4

In an ji maka rauni a faɗa, ka nemi urnik 8, wato fom mai lamba 8, wurin 'yan sanda, likita ya cike. Takwas, jinka.

Aikin gida: rubuta 17, 18, 50 da 75 da lambobin Larabci. A kawo ranar Asabar.