Witzenhausen: garin kwarin Werra, ga mai zuwa karatun noma

Ɗan'uwa, in takardar shiga makaranta ta zo maka daga sashen noma na Jami'ar Kassel a ƙasar Jamus, duba adireshin da kyau kafin ka fara neman ɗaki. Sashen noman ba a birnin Kassel yake ba. Yana Witzenhausen, wani ƙaramin gari a kwarin kogin Werra, kimanin kilomita 30 gabas da Kassel, a arewacin jihar Hessen. Na san wanda ya kama ɗaki a Kassel tun yana gida, ya biya kuɗin ajiya, sai da ya iso ya gane cewa kullum sai ya yi sammakon jirgi kafin ya kai aji.

Mutanen garin kusan 15,000 ne, kuma wannan adadin har da ƙauyuka 16 da aka haɗe da shi ƙarƙashin hukuma ɗaya. Cikin garin kansa, a ƙafa za ka ratsa shi kafin shayinka ya huce. Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne zai tsara maka zamanka: a mako biyu mai gidan burodi ta san fuskarka, direban bas ya san inda kake sauka, tsohon da ke yawo da karensa a bakin kogi ya san lokacin fitowarka. A nan ba a ɓacewa cikin taro kamar a Frankfurt. Wanda ya taso a garin da ake gaisuwa ba zai sha wuya ba. Ka ce "Guten Morgen" in ka shiga shago ko ka haɗu da maƙwabci a matakala. Da farko amsar gajeriya ce, amma suna lura.

Jirgin ƙasa zai sauke ka a tashar Witzenhausen Nord, wadda ke kan tudu a ƙetaren kogi. Daga nan za ka gangara, ka haye gada, ka shiga tsohon gari mai gidajen katako da laka da aka yi wa farin fenti. Makarantar ma gida biyu ce: wani sashe a Nordbahnhofstraße, ɓangaren tasha, wani a Steinstraße cikin tsohon gari. Saboda haka gadar nan za ka haye ta sau da yawa a rana. Nemi tsohon keke tun makon farko, ɗalibai masu tafiya kan sayar da nasu da araha. Göttingen bai kai rabin sa'a a jirgi ba, Kassel kuwa ya ɗan haura, kuma can za ka riƙa zuwa neman naman halal a shagunan Turkawa da Larabawa, da manyan masallatai na Juma'a, da shagunan da ke sayar da doya da manja da kuɓewa.

Kogin Werra daga dazuzzukan jihar Thüringen ya taso, ya yi tafiyar kusan kilomita 300. A nan garin wani ƙaramin rafi mai suna Gelster ya faɗa cikinsa, sannan a gaba kaɗan, a garin Hann. Münden, Werra ya haɗu da kogin Fulda suka zama Weser, wanda ya tafi har teku. Ruwan Werra yana da gishiri fiye da yadda ruwan kogi ya kamata, saboda ma'adinan da ake haƙowa can sama domin yin takin zamani. Ɗalibin noma zai so ya san wannan, tunda darasi ne a ƙofar aji.

Zaman kwari yana da nasa hali. Daga Oktoba hazo kan kwanta a kan kogi da safe, wani lokaci har hantsi ba ka ganin tudun da ke gabanka. Ba irin hazon hunturunmu mai ƙura da bushewar leɓe ba ne, wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga ya kai ƙashi. Takalmi mai hana ruwa da rigar sanyi ta gaske sun fi komai muhimmanci a sayayyarka ta farko. Kuma komai sanyi, ka buɗe tagar ɗakinka gaba ɗaya na 'yan mintoci safe da yamma. Tsofaffin gidajen nan suna riƙe danshi, in ka rufe ɗaki ruf kana dafa abinci ko shanya kaya, baƙin fumfuna zai fito a bango, mai gida kuma a kuɗin ajiyarka zai cire.

A Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da kwata, yinin bai cika sa'a takwas ba, Azahar da La'asar da Magariba duk su riske ka a makaranta. A Yuni kuwa sai kusan goma saura take faɗuwa. Ka tsara inda za ka yi salla tun farkon zango. A lokacin sanyi agogonka ɗaya da na Kano da Yamai, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa ta ƙarshe ta Oktoba kuma ka fi su da sa'a guda. Ka gaya wa Hajiya wannan tun da wuri, don kada ta yi ta kira kana aji.

Akwai abin da nake so ka sani game da ginin Steinstraße kafin ka zauna cikinsa. Garin ya sami izinin kafa kasuwa a 1225. Ginin kuwa asalinsa gidan ibada ne na wasu rahiban Kirista, aka rufe shi lokacin da yankin ya bar ɗarikar Katolika. A 1898 wani limamin coci na soja, Ernst Albert Fabarius, ya kafa makarantar mulkin mallaka ta Jamus, ta zauna a wannan gini. A nan aka riƙa koya wa samarin Jamusawa noma da kiwo da ƙira domin su je su riƙe gonaki a ƙasashen da Jamus ta mamaye, ciki har da Kamaru da Togo. In kai ɗan Garwa ne, ko Marwa, ko Ngaundare, ƙasar kakanninka na cikin waɗanda Jamus ta riƙe a wancan zamani. Makarantar ta tsaya a 1944. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka farfaɗo da koyar da noman ƙasashen zafi, a 1971 wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Kassel, a 1981 kuma aka buɗe kujerar farfesa ta farko a Jamus kan noman da ba ya amfani da takin zamani da maganin feshi. Yau ɗaliban Afirka da Asiya da Kudancin Amurka ne ke zama a ɗakunan, wasu a shirin digiri na biyu da ake yi da Turanci tare da Jami'ar Göttingen.

Ranar da na fara jin tarihin nan na daɗe a tsakar gidan ina kallon bangon dutse. Ina ganin bai kamata ɗan Afirka ya yi shekara biyu a nan bai tsaya ya yi wannan tunani ba. Akwai ƙaramin gidan tarihi a harabar, mai kayayyakin da tsofaffin ɗalibai suka kwaso daga ƙasashen da suka je. Ka shiga, ka yi tambaya kan yadda kowane abu ya zo. Ɗaliban Jamusawa na yanzu da yawa su ma tambayar suke yi, ba za ka zama kai kaɗai ba.

A harabar dai akwai gidan gilashi na shuke-shuken ƙasashen zafi, wanda asalinsa ya koma 1902. In Janairu ta matsa maka, kewar gida ta taso, je can. Kana buɗe ƙofa ɗumi zai buge ka, tabarau ya yi raɓa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika maka hanci kamar bayan ruwan farko. Ga ayaba, ga rake, ga koko da kofi, ga auduga ta fashe fari tas, a waje kuma ƙanƙara ce kwance.

Gabas da garin, tafiyar keke ce kawai, iyakar da ta raba Jamus biyu ta ratsa har zuwa 1990. Ƙauyukan Werleshausen da Neuseesen, waɗanda yanzu suke cikin Witzenhausen, a da na Thüringen ne. A Satumbar 1945 Amurkawa da Rashawa, waɗanda kowannensu ya riƙe wani yanki na Jamus bayan yaƙin, suka yi musayar ƙauyuka a garin Wanfried, saboda layin dogon Amurkawa ya ɗan kutsa cikin yankin Rashawa. Dattawan wajen sun rayu da waya mai ƙaya a bayan gonakinsu, kuma in kun saba za su ba ka labari. Tsofaffin gidajen sarauta biyu masu ganuwa, Ludwigstein da Hanstein, suna kallon juna daga tuddai a ɓangarorin kogin.

Batun takardu gajere ne. Cikin kwana 14 da tarewa ka yi rajistar adireshi a ofishin gari, da takardar shaida daga mai gida. Izinin zama kuwa a Eschwege ake yi, don tun 1974 can ne hedikwatar gunduma. Manna sunanka a akwatin wasiƙa ranar da ka shiga, komai na hukuma ta nan yake zuwa. Ran Lahadi shaguna a rufe suke.

Sai ceri, wanda garin ya yi suna da shi. Ɗan itace ne ja ko baƙi-baƙi, girman ɗinya, da ƙwallo ɗaya a ciki. Jamusawa na ce masa Kirsche, mutanen nan kuwa Kesper. A Afrilu bishiyoyin kan yi fure, tuddan kwarin su yi fari kamar an shanya alawayyo. A Yuli ake bikinsa, Kesperkirmes, har da naɗa sarauniyar ceri. Kowace bishiya da mai ita, ko da ba ka ga shinge ba, don haka kada ka tsinka. Manoma kan kafa teburin sayarwa a bakin hanya, wani lokaci ba kowa a wurin sai kwanduna da akwatin jefa kuɗi. Lokacin nan ka riƙa fita da 'yan canji a aljihu.