Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa kayan ɗaki da ɗan kuɗi

Yawancin asarar da magidanta suke yi a kan kayan ɗaki tana somawa ne tun daga gida, domin mutum yakan tafi kasuwa bai auna ɗakinsa ba. Ɗaki mai ƙafa 12 a tsawo da ƙafa 12 a faɗi, irin wanda ya yawaita a gidajen haya, gado mai ƙafa shida da shida kaɗai zai cinye kashi ɗaya bisa huɗu na filinsa, kuma idan aka ƙara wadirob da madubi da durowar gefen gado, sai a rasa inda za a shimfiɗa sallaya. Maganin wannan shi ne a auna ɗakin, a auna faɗin ƙofa da kwanar zaure, a rubuta a takarda a tafi da ita wurin kafinta. Na sha ganin an sauke kujera daga a-kori-kura ta ƙi shiga gida, har sai da aka cire ƙyaure.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi kuwa shi ne rashin tambayar irin katakon da aka yi aikin da shi. Katako mai yawa da ake sayarwa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano daga kudu ake kawo shi, inda iska take da laima, kuma idan kafinta ya yi aiki da shi bai gama bushewa ba, da zarar hunturu ya kama sai ya tsuke, mahaɗai su buɗe, ƙofar kabad ta karkace, gado ya soma ƙara. Mai saye ba zai ga wannan a ranar ciniki ba, saboda fenti da sheƙi sun rufe komai. Abin da ya kamata shi ne a je shagon tun kafin a sa soso da yadi, a ga ƙashin kujerar da ido, a ɗaga shi a ji nauyinsa, a kuma nemi a shafa masa maganin gara. Maɗaci ya fi farin katako tsada, amma gadon da aka yi da busasshen maɗaci yakan kai har 'ya'ya su gaje shi. Shi kuwa allon garin katako da ake kira MDF, yana da kyan gani da sauƙin kuɗi, sai dai ba ya jituwa da ruwa ko kaɗan: idan ana wanke daɓe ruwa yana taɓa ƙasansa, zai kumbura ya ruɓe. Wanda ya riga ya saya, ya sa a yi masa ƙafafun roba ko na ƙarfe da za su ɗaga shi daga ƙasa.

Akwai kuma ɗabi'ar nan ta cewa dole a haɗa komai a rana ɗaya, musamman a kayan ɗakin amarya, inda iyaye suke cin bashi don kada 'yan ganin ɗaki su raina. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kuɗin da zai sayi abu uku masu ƙarko shi ake rabawa a kan abu goma marasa ƙarko, kafin shekara biyu kuma a koma neman gyara alhali ba a gama biyan bashin ba. Ya fi dacewa a fara da abin da jiki yake hawa kullum, wato katifa da gado da wurin zama, saura kuma a riƙa ƙarawa idan an ɗauki adashe. A katifa musamman bai kamata a yi tsimi ba, kuma a lura cewa kaurinta ba ya nuna ƙarfin sosonta. A danna ta da gwiwa a ga ko tana dawowa da sauri.

Kayan gwanjo hanya ce mai kyau ta rage kashe kuɗi, in dai an duba ɗinki da lunguna saboda kuɗin cizo, an kuma shanya su a rana kafin su shiga ɗaki.

Wajen ƙawata ɗaki, an fi mantawa da ƙura da yara. Kafet mai gashi wanda aka manne daga bango zuwa bango yana tara ƙurar hunturu, ga shi ba ya ɗaguwa, alhali darduma ko tabarmar da za a fitar a kakkaɓe ta fi arha kuma ta fi lafiya ga mai tari. Ledar ɗaki da aka shimfiɗa a kan siminti mai danshi da damina takan yi wari, don haka a bari daɓen ya bushe tukuna. Farar kujera a gidan da ke da ƙananan yara wahala ce. A zaɓi yadi mai duhu, ko a sayi yadi a Kantin Kwari a ba tela ya ɗinka rigar kujera da za a riƙa cirewa ana wankewa. Bango kuma, a shafa fentin mai daga ƙasa zuwa daidai ƙirji domin yana goguwa da tsumma, sama kuwa fentin ruwa mai haske ya wadatar.

Abin takaici ne yadda ake tsallake aikin hannun masu sana'armu a sayo furen roba da zai koɗe cikin watanni. Tumtum na fata daga Kasuwar Kurmi yana ƙara wurin zama ba tare da cin fili ba, faifai uku ko huɗu masu launi da aka jera a bango suna cike gurbin hoto mai tsada, yadin da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata kuma yana yin labule mai kyau, sai dai a wanke shi shi kaɗai da farko, domin yakan zuba.