Ubangida daga kabari: inda 'yan wasan D&D ke tuntuɓe

A teburan Dungeons & Dragons (wasan tebur na labari, inda kowa ke taka rawar jarumi ana jefa dayis) na nan Jos, inda ake haɗuwa ranar Asabar da yamma ga shayi ga rigar sanyi, da wuya a rasa sabon ɗan wasa da ya ɗauki boka mai ubangida daga kabari, wato The Undead, yana zaton da zamansa zai samu rundunar ƙwarangwal. Nan ne tuntuɓen farko. Wannan ubangidan, wanda ya fito a littafin Van Richten's Guide to Ravenloft a 2021, ba ya koyar da tayar da gawa. A jerin sihirin da yake ƙara maka akwai na magana da matacce, amma babu Animate Dead, sihirin tayar da gawa. Abin da yake bayarwa tun mataki na 1 shi ne siffar ban tsoro ta minti ɗaya: ƙarin makin rai na wucin gadi, 1d10 (jifa ɗaya na dayis mai fuska goma) haɗe da lambar matakinka, sannan sau ɗaya a kowane zagayenka wanda ka buga yana iya firgita.

Mai son gawa ta bi shi sai ya jira mataki na 5 ya ɗauki baiwar Undying Servitude, wadda ke ba shi damar yin Animate Dead sau ɗaya kafin kowane dogon hutu. In kuwa runduna ce burinka, matsafin makarantar matattu, wani nau'in jarumi dabam da boka, ya fi dacewa, don a mataki na 6 yana ƙara gawa ɗaya a kowane tayarwa, bayinsa kuma sun fi ƙwari.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne mantawa da agogo. Ikonka a kan gawa awa 24 ne kacal. Kafin su cika dole ka sake yin sihirin a kanta, in ba haka ba ta daina jin maganarka, kuma ba za ta koma ta kwanta ba. Sihirin, a ƙarfinsa na asali, abu ɗaya yake yi cikin biyu: ko ya tayar da gawa ɗaya sabuwa, ko ya sabunta iko a kan guda huɗu. Boka mai dama ɗaya a rana, to, kullum yana tsakanin ƙari da riƙo. Rubuta lokacin tayarwa a gefen takardarka da fensir, ka kuma sabunta da sauran lokaci. Tayarwar kanta minti ɗaya take ci, zagaye goma ke nan, don haka ba a tsakiyar faɗa ake yinta ba. Gawar kura ko ta doki ma ba ta yi, sai ta mai siffar mutum, ƙarami ko matsakaici.

Sai rikicin ƙarin motsi, wato ɗan aikin da ake ƙarawa a kan babban motsi. Guda ɗaya gare ka a zagaye, amma shiga siffar ban tsoro na buƙatarsa, sihirin tsinuwa na Hex na buƙatarsa, umartar gawa ma haka, ita kuma sai tana cikin ƙafa 60 daga gare ka. Maganin shi ne umarni mai faɗi tun kafin a shiga: “Ku harbi duk wanda ya taɓa ni.” Za su ci gaba da bi har aikin ya ƙare. Gawar da ba a ba umarni ba kanta kawai take karewa.

Kada a tura ƙwarangwal gaba. Makin ransa 13 ne, kulki ko guduma kuma ninki biyu suke yi masa. A bar shi a baya da bakarsa. Zombi, mai maki 22 a dokokin 2014 da tafiyar hawainiya ta ƙafa 20, shi ake tokare ƙofa da shi. A kuma warwatsa su: Fireball ɗaya, sihirin dunƙulen wuta mai fashewa, na iya share ƙwarangwal huɗu da suka cunkushe wuri guda.

Ga kuma haƙurin abokan tebur. Mutum ɗaya na jefa dayis sau biyar, shayin sauran na hucewa. Jefa na bayinka duka a tashi ɗaya, ka riƙe lambobinsu a kati guda. Tun zaman farko kuma ku daidaita da mai jan wasan kan yadda mutanen gari za su karɓi baƙon da ƙasusuwa ke bin sa, da abin da ubangidan zai nema a madadin baiwarsa.