Yadda Za Ka Samu Amintaccen Likitan Ciwon Gaɓoɓi da Ƙashin Baya

Tambayar yadda za a samu irin wannan likita ta yawaita, shi ya sa na jero matakan a nan.

1. Ka fara ganin likitan da ke duba kowane irin ciwo, ka nemi takardar tura ka ga ƙwararre.

2. Ka tambayi likitan farkon wane ƙwararre ne ya dace da kai: likitan ƙashi, ko na amosanin gaɓɓai idan gaɓoɓin suna kumbura suna sandarewa da safe, ko na jijiyoyi.

Hattara: idan ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ka tafi sashen gaggawa nan take.

3. Ka tabbatar da lasisin ƙwararren a hukumar rajistar likitoci.

4. Ka tafi da tsofaffin hotunan ƙashi da magungunan da kake sha.

5. Ka lura ko ya sa ka taka, ka sunkuya, ya taɓa wurin da hannunsa. A ganina, wanda ya dubi hoto kawai ya yanke maka tiyata bai duba ka ba.

Hattara: ka guji mai alkawarin warkewa gaba ɗaya.

6. Ka nemi ra'ayin likita na biyu kafin ka sa hannu a takardar tiyata.