Yadda ake haɗa tawadar allo da ta takarda, da feƙe alƙalamin gamba

Tawada iri biyu ce, kuma duk wanda zai haɗa ta sai ya fara sanin wacce yake nufi. Akwai ta allo, wadda ake yi da gawayi da ƙaro, wasu na ce mata zige. Akwai kuma ta takarda, wato yambari, wadda ake yi da bagaruwa da ƙarfe. Ta farko a saman allo kawai take zama, ƙaro ne ke riƙe da ita, shi ya sa ruwa na taɓa ta take wankewa. Ta biyu kuwa shiga jikin takarda take yi ta kama, kuma ƙara baƙi take bayan an yi rubutu. Yawancin ɓarnar da ake gani, allon da ya rine har ya daina wankuwa, ko shafin da baƙinsa ya goge ya ɓata na kusa da shi, daga sa ɗaya a gurbin ɗaya take tasowa.

Tawadar allo

Kayan haɗinta uku ne: gawayi, ƙaro da ruwa. Ka nemi gawayin icen da ka san asalinsa, irin na aduwa, wanda ya ƙone sarai babu sauran ɗanye a cikinsa. Baƙin gindin tukunyar da ake girki da itace ma yana yi, har ya fi gawayi laushi. Amma baƙin hayaƙin kananzir, ko na taya, ko gawayin katakon da aka taɓa yi wa fenti, kada ya kusanci wannan tawada. Yara na lasar alƙalami, kuma a gidaje da yawa ana shan wankin allo.

A daka gawayin a tankaɗe da rariya mai laushi, a sake tankaɗewa da ƙyalle. Idan ka murza garin tsakanin yatsu biyu ka ji tsaki-tsaki, da saura. Wannan tsakin shi ke toshe tsagar alƙalami, shi ke sa rubutu ya riƙa yankewa.

Ƙaro kuma a zaɓi fari mai haske, irin na ɗakwara da ake kawowa daga Yobe, Borno da Jigawa, a cire ɓawon ice da ƙasar da suka maƙale masa. A farfasa shi, a jiƙa cokali ɗaya cikin cokali uku na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana. Da safe za a same shi ya narke, sai a tace.

Ma'aunin da ke aiki shi ne cokali biyu na garin gawayi, da wannan ruwan ƙaro na cokali ɗaya, da kimanin rabin kofin shayi na ruwa. Kada ka zuba ruwan gaba ɗaya, domin garin gawayi ba ya son ruwa, tasowa yake yi ya yi ta yawo a sama. Ka fara kwaɓa garin da ruwan ƙaron kaɗai, ka yi ta murza shi da bayan cokali ko dutse mai santsi na minti goma zuwa sha biyar, har ya yi laushi yana sheƙi. A nan kyawun tawada yake, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. Bayan haka ka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan kana juyawa. A ɗora a wuta marar ƙarfi ta yi minti biyar, a sauke, a tace idan ta huce.

Gwajinta mai sauƙi ne. Ja layi a allo, ka bari ya bushe, ka goga babban yatsa a kai. Idan baƙi ya biyo yatsanka, ƙaro ya yi kaɗan. Idan layin yana ƙyalli, yana danƙo, ko ya tsattsage bayan ya bushe, ƙaro ya yi yawa, sai a ƙara gari da ruwa. Idan kuma ya fito toka-toka, ruwa ne ya rinjaya. A bar kurtun a buɗe na yini guda, musamman da hunturu, zai daidaita da kansa.

Yambari

Wannan ita ce tawadar masu rubuta Alƙur'ani da littattafai, kuma tana son haƙuri. Bagaruwar da majema ke jima da ita, ita ce dai. A jikin kwansonta akwai sinadari mai ɓauri, wanda idan ya haɗu da ƙarfe, iska ta buge su, sai su koma baƙi. Wannan baƙin a cikin zaren takarda yake samuwa, ba a samansa ba.

A sami busasshiyar bagaruwa cikin tafin hannu biyu, wajen giram 50, a farfasa a zubar da ƙwayayen, kwanson ake so. A jiƙa cikin rabin lita na ruwa. Ruwan sama ko na leda ya fi, domin ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana dusar da launi. Bayan kwana biyu a tafasa a tukunyar ƙasa da aka ware wa wannan aiki, har ruwan ya ragu da kusan rabi ya yi launin shayi mai kauri. A tace.

Sai ƙarfe. Masu aikin da can kashin maƙera suke sawa, wato ragowar da ke fita daga maƙera. Tsoffin ƙusoshi masu tsatsa guda biyar ko shida ma suna yi, muddin ba masu farin rufi a jiki ba ne, irin na kwanon rufi, don waɗannan ba sa sakin ƙarfensu. A wanke su daga maiƙo, a jefa cikin ruwan bagaruwar, a matsa rabin lemun tsami, a rufe da ƙyalle ba da murfi ba, saboda iska na cikin kayan haɗin. Kullum a juya sau ɗaya, a ɗiga a takarda a gani. Yawanci tsakanin kwana uku zuwa bakwai take nuna.

Wurin da ya kamata a kula sosai ke nan. Yambari mai kyau ba ta fita baƙa ƙirin daga bakin alƙalami. Fitowa take yi ruwan ƙasa mai duhu, ta yi baƙi bayan wasu sa'o'i, ta ƙara washegari. Wanda bai san haka ba sai ya ga kamar ba ta yi ba, ya ƙara ƙarfe, ya ƙara kwanaki. Ƙarfen da ya wuce abin da bagaruwa za ta iya kamawa kuwa cin takarda yake yi. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafi ya ga gefen haruffa ya yi ja-ja, rubutun ya ɓullo ta bayan shafi, wani wurin ma cikin harafin ya faɗo ya bar huda, to ya ga aikin ƙarfe mai yawa. Saboda haka a yi hukunci da ɗigon jiya, ba na yanzu ba. Da zarar na jiya ya yi baƙi, a cire ƙusoshin. Gara bagaruwa ta ɗan yi yawa da ƙarfe ya yi yawa.

Bayan an cire ƙarfen a sake tacewa, a zuba ruwan ƙaro na cokali ɗaya, a jefa kanumfari uku ko huɗu saboda hunhuna, wadda ke saurin kama ta da damina. A ajiye a kwalbar gilashi mai murfin roba, a cika ta har wuya, a riƙa ɗiban ta aikin kwana biyu ko uku kawai a kurtu. Wadda ta daɗe a buɗe tana gama baƙinta a cikin kurtu, ta yi laka a ƙasa, ta daina kama takarda.

Ja da rawaya

Wasulla da jar tawada ake yin su, hamza kuma da rawaya. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, idan aka jiƙa shi da ɗan ƙanƙanin kanwa aka sa ƙaro yana ba da ja mai kyau, sai dai rana na kashe shi. Jar ƙasa da aka niƙa, aka dama da ruwa, aka bar tsakinta ya kwanta aka tsiyaye mai laushin, ba ta kai shi haske ba amma ba ta kodewa. Zarniki, wani ma'adini da aka saba yin rawaya da shi, guba ne, bai dace da gidan da yara suke ba. Gangamau na iya maye gurbinsa. Kowane launi da alƙalaminsa. Alƙalamin da ya shiga yambari sau ɗaya, in ya shiga ja, ya ɓata kurtun duka.

Feƙe alƙalami

A zaɓi karan gamba da ya ƙosa ya bushe a tsaye, mai santsi, launin ruwan zuma, kaurinsa kusan na fensir, tsawonsa taƙi guda. Wanda aka yanka ɗanye yana motsewa, bakinsa ya murɗe. Idan ka danna shi da farce ya lotsa, ajiye shi. Wuƙa kuma ta zama mai kaifi ƙwarai, ko sabuwar reza, domin dakusasshiya murƙushe kara take yi maimakon yanka.

Ka yi yankan farko a karkace, daga santimita biyu da rabi zuwa baki, kana tura wuƙar gaba ba wajen jikinka ba. Ka ƙwaƙule totuwar ciki har ka bar ɓawon mai ƙarfi da ɗan nama kaɗan. Totuwar da aka bari shan tawada take yi ta kumbura. Sai ka fere gefe da gefe daidai wa daida, har bakin ya kusa faɗin da kake so: milimita biyu zuwa uku don allo da manyan baƙaƙen rubutun tsangaya, ɗaya ko ɗaya da rabi don takarda, ƙasa da haka don wasulla.

Yanzu tsaga. Ka kifa bakin a kan katako mai tauri, ka ɗora wuƙa a tsakiyarsa, ka danna a hankali har ka ji ƙas. Tsawonta kada ya wuce santimita ɗaya. Gajeriyar tsaga ba ta sakin tawada, doguwa kuma buɗewa take yi ta zubar da ita gaba ɗaya a harafin farko. Daga ƙarshe ka datse kan bakin da sara guda, a ɗan karkace. Sara guda, ba goge-goge ba, don kaifin wannan yankan ne ke ba harafi tsabtataccen gefe. Sabon alƙalami yakan ƙi ɗaukar tawada saboda santsin ɓawonsa. A kankare bayan bakin kaɗan, a jiƙa shi a ruwa na minti biyu.

A cikin kurtu a sa ɗan dunƙulen zaren auduga ya sha tawada. Yana hana alƙalami ɗiban abin da ya fi ƙarfinsa, yana kare bakinsa daga bugun gindin kurtu, kuma idan kurtun ya kife ba duka ke zubewa ba.

Takarda

Tsoffin marubutan Kano da Borno sun yi aiki da takarda mai kauri mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a Italiya ana kawo ta ta Tarabulus. Ba ta tsotse tawada fiye da kima, shi ya sa gefen haruffansu ya fita tas. Takardar littafin makaranta ta yanzu sirara ce, yambari na bazuwa a cikinta ta yi gashi-gashi. Takardar fotokwafi mai giram 80 tana ɗauka, ta zane mai giram 120 zuwa sama ta fi. Kafin ka sayi da yawa, karɓi falle ɗaya ka rubuta layi, ka juya bayansa. Idan ya ɓullo ko ya yi gashi, ƙara wa tawadar rabin cokali na ruwan ƙaro ka sake gwadawa. In bai daina ba, laifin takardar ne, a sauya ta. Shafin da aka gama a bar shi a buɗe ya kwana a inuwa kafin a ɗora wani a kansa.