Kafin Sabon Shiga Ya Tono Tsohuwar Magana

Ƴan'uwa masu riƙe da adashi ko ƙungiyar ƴan kasuwa, ku ware littafi guda ku riƙa rubuta kowace shawara da aka yanke, da ranarta, da dalilinta, sannan ku miƙa wa sabon shiga ya karanta kafin zamansa na farko.

A adashinmu na kasuwar Wadata a nan Yamai, duk wanda ya shigo sai ya tambayi dalilin da ya sa zubi ya zama jika 5, da dalilin cin tarar wanda ya makara, sai mu kwashe awa guda muna maimaita abin da aka kammala tun bara, shagunanmu kuwa a rufe. Ba laifinsa ba ne, domin bai san an yi ba. Yanzu da muke da littafin, yana ganin amsarsa da idonsa, har da sa hannun waɗanda suka amince.

Sai dai kada ku mai da littafin abin rufe bakin mutane. Idan farashin kaya ya sauya, ko kasuwa ta ja baya har zubin ya yi wa wasu nauyi, ku bar sabon shiga ya tayar da maganar. Wanda bai iya karatu ba kuma, ku zaunar da shi ku karanta masa.