Yadda nake gane hadarin kaka tun kafin ya iso gona

Shekarar da iska ta kwashe mini rabin kwanon ɗakin ajiya, gyadar da na shanya a tsakar gida kuma ta sha ruwa har ta yi funfuna, ba wanda na ga laifinsa sai kaina. Tun da hantsi gari yake ba ni labari, ni ne ban saurara ba. Na ɗauka damina ta riga ta yi sallama, don an yi kwana goma sha ɗaya ko ɗigo bai sauka ba, gero ya shiga rumbu, muna jiran dawa. Daga ranar na ɗaura aniyar koyon karanta hadarin ƙarshen damina, kuma abin da zan faɗa a nan shi nake yi duk shekara a gonata da ke gefen Wudil, daga tsakiyar Satumba har zuwa ƙarshen Oktoba.

Abu na farko da za ka riƙe: hadarin kaka ba irin na marka ba ne. A watan Agusta sama cike take da danshi tun daga ƙasa har can ƙololuwa, ruwa kan sauko a natse, wani lokaci ya wuni yana yayyafi. Amma idan kaka ta kama, iskar nan mai danshi da ke zuwa mana daga teku ta kudu maso yamma ta fara ja da baya, busasshiyar iskar hamada kuma ta fara danno kai ta samanta. Ruwan da ya zubo daga girgije sai ya ratsa busasshiyar iskar, wani sashensa ya bushe a hanya, iskar ta yi sanyi ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba. Ita ce wannan iska mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa. Shi ya sa hadarin kaka ya fi kama da na farkon damina: iska da yawa, ruwa wani lokaci kaɗan. Kuma yana zuwa ne daidai lokacin da kan dawa ya yi nauyi, wake yana bushewa, gyada da riɗi suna shanye a fili.

Da asuba nake farawa, kafin in taɓa waya. Idan na fito masallaci na ji gari ya yi ɗumi, jiki yana danƙo tun rana ba ta fito ba, ga ɗan iska yana busowa daga kudu ko yamma, to danshi yana nan, akwai abincin hadari. Idan kuwa na ji sanyi-sanyi, iska ta juyo daga arewa maso gabas, leɓe yana bushewa, ranar hankalina kwance yake. Na ɗaura wani tsumma a saman sanda a bayan gida saboda wannan kawai. Ba sai ka sayi na'ura ba, tsumman nan yana nuna maka inda iska ta fito.

Tsakanin azahar da la'asar kuma ido na gabas. Wannan shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya: a ƙasarmu manyan hadura daga gabas suke tasowa su yi yamma, domin iskar da ke can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, yamma take tura su. Duk baƙin da hadari zai yi a yammacinka, galibi ya riga ya wuce ka, na mutanen gaba ne. Walƙiyar da kake hangowa can kudu da daddare a watan Oktoba ita ma yawanci ba taka ba ce, damina ce ke komawa gida. Wanda za ka sa wa ido shi ne farin gajimaren da ya tsiro a gabas yana hawa kamar an tula auduga. In ya tsaya guntu-guntu a warwatse har la'asar sakaliya, da wuya ya yi wani abu. In kuwa ya yi ta tsawo har kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera, gindinsa ya yi duhu, to ya haɗu.

Ido yana da iyaka, a nan ne waya ta yi mini rana. Wudil, Dutse, Azare da Potiskum kusan a layi ɗaya suke daga yamma zuwa gabas. In ka bi ta sama kamar tsuntsu, daga Wudil zuwa Dutse bai kai kilomita 60 ba, Azare wajen 150, Potiskum kusan 250. Babban hadari irin mai jeruwa a layi kan ci kamar kilomita 50 a awa ɗaya. Ka ga lissafi ya fito: wanda ya doki Potiskum da azahar zai iya samunmu wajen magariba, na Azare kamar awa uku, na Dutse kuwa awa ɗaya ce tsakaninmu, ko ƙasa da haka. Ina da ƙanwa da ke aure a Dutse, da wani abokin cinikin hatsi a Azare. Ranar da gari ya yi mini nauyi sai in kira ta.

"Yaya, barka da yamma. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ku fa, ya garin naku?"

"Wallahi Yaya yanzu iska ta taso, har ta kayar mana da danga. Ku kwashe shanya."

Ba na tambayarta ko an yi ruwa kawai. Ina tambayar ƙarfe nawa iskar ta fara, ta wane gefe ta shigo, ta zo da ƙura ko babu, ta karya reshe ko kuwa ganye kawai ta kaɗa. Ni ma idan ta same mu, nakan kira wani ɗan'uwa da ke yamma da Kano in faɗa masa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Kai da ke wani gari, buɗe taswira ka nemi garuruwa biyu ko uku da ke gabas da kai, ɗaya kusa ɗaya nesa, ka samu mutum a kowanne. Ba kowane hadari ke isowa ba, wani kan mutu a hanya, wani ya karkata kudu, wani kuma a kanka zai haɗu ba tare da ya bi ta garin kowa ba. Duk da haka kiran nan ya cece ni sau da yawa.

Sai maganar hukuma da manhajojin waya. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, takan fitar da hasashen shekara tun farkonta, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa a kowace jiha, sannan tana fitar da na kwana uku-uku da gidajen rediyo ke karantawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna da tasu hukumar a Yamai. Ina saurara, kuma idan aka ce ana sa ran tsawa da iska a Jigawa da Kano da yamma, ba na shanya abin da ba zan iya kwashewa cikin rabin awa ba. Amma a ganina kuskure ne mutum ya ga manhaja ta rubuta "ruwa ƙarfe 5" ya ɗauka alƙawari ne. Hasashen kwamfuta ya fi iya gane ranar da ke da haɗari fiye da sa'ar da hadari zai sauka a ƙauyenka. Abin da na fi amfana da shi a manhaja irin Windy shi ne hoton tauraron ɗan'adam, wanda ake sabuntawa kamar kowane kwata na awa. Ka nemi dunƙulen girgije fari tas a gabas da garinka, ka kunna hoton ya nuna maka tafiyarsa ta awa biyu da suka wuce, ka ga ko girma yake ko raguwa, ka ga inda ya dosa. Wannan ba hasashe ba ne, abin da ke faruwa ne kake kallo da idonka. Akwai kuma abin da na lura da shi tun kafin in ji bayaninsa: manyan hadura sukan zo a jere, kwana 3 zuwa 5 tsakaninsu. Idan babba ya wuce yau, nakan samu kwana biyu na shanya, daga na uku in koma tsaro.

Idan ya matso, alamunsa ba sa ɓuya. Iskar kudu ta ɗauke ɗif, gari ya yi tsit, ko ganyen darbejiya ba ya motsi, zufa ta karyo. Can gabas ka hango wani baƙin girgije ya kwanto ƙasa-ƙasa kamar an naɗe tabarma, a ƙarƙashinsa jan ƙura. Daga nan mintoci suka rage maka. Ga yadda za ka auna nisansa: da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ka ƙirga 30, yana nisan kilomita 10, kuma daga nan aradu tana iya samun mutum. Kada ka tsaya a gona, kada ka fake gindin bishiya, ka kira yaran da ke kiwo su dawo. Kuma bayan tsawar ƙarshe a ba shi rabin awa kafin a fita.

Ƙarfin iska ma ana karanta shi a jikin bishiya. In manyan rassa suna lilo, wayar lantarki tana fito, ta kai wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa. In ƙananan rassa sun fara karyewa, tafiya tana gagarar mutum, ta haura 60. Daga 75 zuwa sama kwano ke fara ɗagawa, in ta kusa 90 bishiya kan tuge. Ka rubuta abin da ka gani a ɗan littafi tare da kwanan wata da lokaci. Nawa ya nuna mini cewa a gidana kusurwar gabas ta ɗakin ajiya ce kullum iska ke fara kamawa, sai na sa kafinta ya ƙara ƙusa a wajen, ya ɗaure katakon rufin da waya a jikin gini, na kuma sare reshen da ya leƙo kan kwanon. Gyada yanzu a kan tamfol nake shanya ta, don mutum biyu su kama bakinsa su ja ta cikin zaure a tashi ɗaya. Gyadar da ta jiƙe ta yi funfuna ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kada a ba yara, kada a ba dabba.

Ba na sakin jiki sai na ga abu uku sun haɗu: tsummana ya kwana biyar yana nuna iskar arewa maso gabas dare da rana, shamuwa ta bar sheƙarta a bishiyar bakin kasuwa, hazo kuma ya fara rufe rana da safe. Ranar nake naɗe tamfol, in bar damin dawa ya kwana a gona.